Gurmi a Cocin Jikwoyi

Safiya, Nura, Hamza, wannan babin na fi so ku karanta a tsanake. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane, don ko a bikin Nura sai da wani dattijo ya nuna ni da baki ya ce wa na kusa da shi, ai wancan ne mai kiɗan coci. Ana cewa babanku ya shiga coci da gurmi, saura ƙiris ya bar addininsa, shi ya sa aka hana shi gida a cikin gari, kuka tashi a ƙauye. Na shiga coci, na yi kiɗa, kuma ban samu gidan ba. Wannan duk gaskiya ne. Sauran kuwa ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba, domin lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, da kuka girma kuma sai na riƙa jin nauyin tayar da maganar. Yanzu da hannuna ya fara rawa, gara in rubuta tun yana iya riƙe biro.

A shekarar da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas ta dawo Abuja, ni masinja ne a wata ma'aikatar tarayya. Aikina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da kawo wa oga shayi. Mu muka ɗaure fayil-fayil ɗin ma'aikatar da igiya muka loda a tirela, ni kuma aka ce in hau gaba kusa da direba in rako su, kada ruwa ya taɓa su a hanya. Da muka iso, manya suka shiga gidajen da aka gina musu a Garki da Wuse, mu ƙananan ma'aikata aka ce mu yi haƙuri, sunayenmu za su fito a jerin masu samun kwatas in an gama gini. Kafin nan kowa ya nemi inda zai sa kansa. Wani direban ofishinmu ya kai ni Jikwoyi, can bayan Nyanya a hanyar Karshi, gidan wani manomi Bagwari mai suna Baba Shekwolo, ya ba ni ɗaki ɗaya da ɗan zaure. Ba wuta, ba famfo, ruwa sai an gangara rafi. Bayan wata guda na koma Agege, unguwarmu a Legas, na ɗauko mahaifiyarku. Safiya tana da shekara huɗu, Nura yana goye, kai Hamza ba a haife ka ba. Da ta sauko daga mota ta ga jan ƙasa da rumbunan dawa da duwatsu a bayan gari, sai ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Malam, wannan ce Abujar?"

Na ce, "Tana can gaba. Nan wurin jira ne."

Gurmina kuwa tun ina saurayi nake da shi. Kawuna ne ya koya mini a garinmu, shi yana kaɗa wa 'yan kokawa, amma ni ban bi shi fage ba. Ban taɓa yi wa kowa roƙo ba, ba ni da ubangida, ba ni da 'yan amshi. Waƙoƙina ni nake yin su, kuma na abin da ya dame ni ne: mahaifiyata da na bari a gida, kukan jirgin ƙasa in ya ratsa Agege, ruwan Legas da ba ya ɗaukewa. A Legas ina rufe ƙofa in kaɗa a hankali, don maƙwabta sun yi yawa kuma ba na so a ce masinjan gwamnati maroƙi ne. A Jikwoyi kuwa ba ƙofar kirki da za a rufe. Ranar Lahadi, da yake ba aiki, in na idar da la'asar sai in zauna a bakin zaure in ɗan taɓa shi.

Wata Lahadi ina cikin haka sai ga Baba Shekwolo ya tsaya a kaina, fartanya a kafaɗa. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana, Hausarsa kuma ba ta raba mace da namiji.

Ya ce, "Malam Isiyaku, Mama ya ce in kira ka. Ya ce ka zo da wannan abu naka."

Na tsorata, na zaci na dame su. Mama Ladi matarsa ce, tsohuwa ƙarama mai zane a fuska, Hausarta irin tasa, idonta ya rufe shekara biyu kafin zuwanmu. Kullum tana zaune a gindin mangwaron tsakar gida tana ɓare gyaɗa da hannu, ba ta shiga harkar kowa. Mahaifiyarku ta taɓa gaya mini cewa ba 'yar Jikwoyi ba ce, aure ne ya kawo ta. Ƙauyen da aka haife ta yana cikin waɗanda aka tasa don a gina birnin, an kwashe danginta a manyan motoci an kai su wani wuri mai nisa, wasu kaɗan suka gudo nan wurin 'yan uwa. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo hannu ta laluba gurmin, ta shafa ƙoƙon, ta shafa fatar, ta ja tsirkiya ɗaya da farce.

Ta ce, "Ɗana, abin nan yana jin Gwari?"

Na ce, "Mama, ban taɓa gwada shi ba."

Sai ta fara wata waƙa can ƙasa-ƙasa, da murya mai rawa, irin wadda mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Ban san kalma ko ɗaya a ciki ba, amma na bi karin da yatsa. Na ɓata, ta tsaya, ta sake, na sake ɓatawa, ta yi dariya har tana tari. A karo na huɗu gurmin ya kama. Tana jin ya kama sai ta ɗaga murya, ta saki gyaɗar da ke hannunta. Baba Shekwolo, wanda ya juya zai tafi, ya ajiye fartanya ya zauna a kan turmi. Da ta gama ya share fuska da gefen riga ya ce mini tun ranar da aka rushe ƙauyen su Mama bai ji ta yi waƙa ba. Ya ce sunayen wurare take kira a ciki: rafin da suke wanka, dutsen da ake shanya barkono, itacen da aka binne kakanta a ƙarƙashinsa.

Lahadi mai zuwa na tarar da mata biyar a gindin mangwaro, duk 'yan ƙauyen nan ne da aka tasa. Ta gaba suka zama goma sha, har da maza. Kowa ya zo da tasa waƙar yana so gurmi ya koya. In sun gaji sai su ce in yi musu tawa, in yi ta jirgin Agege, su kuma su yi shiru suna gyaɗa kai. Haka muka yi ta yi har damina ta sauka sosai. Lahadi biyu a jere ruwa ya kore mu, kuma babu ɗakin da zai ɗauke mu a gidan. A ta ukun ne Fasto Yohanna ya zo. Shi ke riƙe da ƙaramin cocin unguwar, saurayi ne a lokacin, yana koyarwa a firamare sauran kwanaki.

Ya ce, "Malam, mu muna tashi sujada da azahar. Daga nan ɗakin a rufe yake har wani mako. Akwai benci, akwai kwano. In ba za ka damu ba."

Na ce masa zan yi tunani, amma a raina na riga na ƙi. Ni da aka haifa a gidan da ko inuwar coci ba a tsayawa, in shiga da ƙafata? Da na gaya wa mahaifiyarku tana tankaɗen gari, ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Sujada za ka yi musu?"

Na ce, "A'a."

"Waƙar cocinsu za ka yi?"

"A'a, waƙoƙin nan dai na gindin mangwaro."

Ta ce, "To je ka tambayi Liman, kada ka tambaye ni. Ni abin da na sani, tsohuwar nan tun da ta fara waƙa take cin tuwonta duka."

Limamin ɗan masallacinmu, Malam Adamu, ƙanin Baba Shekwolo ne uwa ɗaya uba ɗaya. A gidajen Jikwoyi haka abin yake, za ka ga wa yana zuwa coci, ƙane yana jan salla, kawunsu kuma bai bar abin kakanni ba, kuma akushi ɗaya suke sa hannu. Na same shi yana gyaran buta na faɗa masa. Ya ce shi karatunsa ba nisa ne da shi ba, ba zai yanke mini hukunci ba. Abin da zai ce kawai, kada in bar salla ta wuce ni, kada kuma bakina ya furta abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Ya ƙara da cewa jinkar ɗakin farko na cocin nan, kafin a sa kwano, da shi aka ɗaura ta, don yayansa ne ya kira gayya.

Ranar da na fara shiga, ina isa bakin ƙofa na tuɓe takalmi kamar yadda na saba a masallaci. Matan da ke ciki suka tuntsire da dariya. Baba Shekwolo bai yi dariya ba, ya koma baya ya cire nasa ya ajiye kusa da nawa, daga nan kowa ya fita ya cire. Ɗaki ne na ƙasa, an shafe shi da farar ƙasa, benci takwas, taga biyu, da gicciye na katako a bangon gaba. Fasto ya kawo mini kujerarsa, na ce ya bar ta, na shimfiɗa buhu a ƙasa ta wajen ƙofa na ba gicciyen gefe. Sai suka juyo da bencin suka kewaye ni. Ruwa ya sauko, kwano ya ɗauki ƙara, gurmi kuma muryarsa ba ta da ƙarfi, dole kowa ya matso har gwiwa tana taɓa gwiwa. Ban taɓa jin gurmina kamar yadda na ji shi a ɗakin nan ba. Bangon ƙasa yana riƙe sautin ya dawo da shi da ɗumi. Mama Ladi ta zauna dab da ni, ta ɗora tafin hannunta a bayan ƙoƙon, wai tana so ta ji shi a jikinta tun da ruwa ya hana kunne. Muka yi waƙa bakwai ko takwas. Ina tsakiyar ta ƙarshe Fasto ya duba agogonsa ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, magariba ta yi. Je ka, za mu mayar da benci."

Haka ya riƙa yi kowace Lahadi, bai taɓa mantawa ba.

Kafin damina ta ƙare, labari ya kai Nyanya da Orozo. Ba lasifika, ba wanda ake wasawa, kuma ba mu taɓa wuce mutum talatin da 'yan kai ba, don ɗakin ba ya ɗaukar fiye da haka. Amma masu zuwa suka sauya. Ban da manoman da aka tasa daga ƙauyukansu, sai ga irinmu da aka taso daga Legas: wata Bayarabiya mai buga tafireta da ta baro 'ya'yanta wurin uwarta, wani direba Ibo, 'yan arewa biyu ko uku da ke tsayawa a taga ba sa shiga. Na yi sabuwar waƙa a kan fayil-fayil ɗin da na rako a tirela, yadda takarda ta samu ɗaki mai fanka kafin mutum ya samu. Ranar da na fara yin ta, Bayarabiyar nan ta yi dariya ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da gyale. A ɗakin nan na gane cewa ni mawaƙi ne. Kafin nan ina ɗaukar kaina masinja mai ɗan abin wasa a ƙarƙashin gado.

Wata Talata Darakta ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, kuma ba mugun mutum ba ne. Ɗan wajenmu ne, ya yi karatu a Ingila, shi ya sa hannu aka ɗauke ni aiki tun a Legas. Ya ce ya ji ina kaɗa gurmi, me ya sa ban taɓa gaya masa ba, shi da ya tashi yana bin masu gurmi fagen kokawa. Ma'aikata za ta yi liyafar tarewa a sabon gini, manya za su zo, yana so in zo in wasa su ɗaya bayan ɗaya, zai ba ni sunayensu da na iyayensu. Na ce ranka ya daɗe ban iya wasa mutane ba. Ya ce wannan koyo ake yi. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Isiyaku, akwai wata magana. An ce a coci kake yi."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ba sujada ba ce."

Ya ce, "Ni na yarda. Amma mutanenmu na masallacin ofis suna magana, kuma ni na kawo ka, sunana suke kira. Ga alokeshan na kwatas zai fito ƙarshen wata, ɗaki biyu da famfo da wuta. Ƙananan ma'aikata sun fi gidajen yawa, sai wanda aka tsaya masa. Ina so in tsaya maka. Ka taimake ni in taimake ka. Ka bar zuwa wurin nan, shi ke nan."

Ban ɓoye wa mahaifiyarku ba. Tana da cikin Hamza a lokacin, kuma da cikin take gangara rafi sau uku a rana. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗaki biyu?" Na ce ɗaki biyu. Ta ce, "Da famfo a ciki?" Na ce haka ya ce. Ta ɗauki bokiti ta fita. Na bi ta da kallo har ta sha kwana, a nan na yanke cewa zan bari.

Sai dai ban iya zuwa na faɗa musu ba. Ranar Lahadi na aika wa Fasto cewa zazzaɓi ya kama ni, na shiga ɗaki na kwanta na ja zane. Cocin ba shi da nisa da gidan, ina jin ana jan benci, ina jin muryoyi, sannan na ji an yi shiru, sannan na ji ana mayar da bencin. Can sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa a zaure. Mama Ladi ce, Baba yana riƙe da gwiwar hannunta, ɗaya hannun kuma tana ɗauke da ƙwarya mai tururi. Ganyen zazzaɓi ta sa aka tsinko ta dafa da kanta. Ba ta taɓa takowa ɗakinmu ba tun zuwanmu gidan. Ta lalubo bakin gado ta zauna, ta sa hannu a goshina, ta daɗe, ta mayar wuyana. Jikina sanyi ƙalau.

Ta ce wa mijinta da Hausa, don in ji, "Fita ka ba mu wuri."

Da ya fita ta ce, "Ɗana, wani ya yi maka magana ko?"

Na kawar da kai.

Ta ce, "Ba komai. Mu an saba a ce mana mu tashi. Kai kana da yara, matarka yana da ciki. In an ce ka bari, ka bari, ba wanda zai riƙe ka a zuciya. Amma kada ka ƙara kwanta ka ce ciwo, kada ciwon ya ji ya zo." Ta tura mini ƙwaryar. "Sha dai, na riga na dafa."

Na sha. Ɗaci kamar me. Na sha duka, hawaye yana zuba a ciki, ita kuma tana bubbuga bayana kamar yadda ake yi wa jariri. Mahaifiyarku tana tsaye a bakin ƙofa, duk a kan idonta. Bayan ta raka tsohuwar ta dawo, ta ɗauko gurmin daga ƙarƙashin gado, ta goge masa ƙura da gefen zaninta, ta ajiye mini a kan cinya.

Ta ce, "Gobe ka je ka ba Darakta haƙuri."

Na ce, "Binta, famfon fa?"

Ta ce, "Na ce ka ba shi haƙuri."

Na je. Na durƙusa a gaban teburinsa na ce ranka ya daɗe na gode da alherin da ka yi nufi, amma ba zan iya barin mutanen nan ba, kuma ba zan iya wasa manya ba, in dai ana so in zo in yi waƙoƙina zan zo. Ya dube ni. Ya ce, "Ka san abin da kake yi?" Na ce ina jin na sani. Ya ce to Allah ya taimaka, ya miƙo mini fayil ya ce in kai hawa na biyu. Bai kore ni ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma bai tsaya mini ba. Ƙarshen wata aka liƙa jerin sunaye a allon sanarwa, na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu. A masallacin ofis wasu suka daina ba ni hannu, wani ya taɓa janye ƙafarsa daga tawa a sahu. Wannan ya fi rashin gidan yi mini ciwo, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya wuce.

Mama Ladi ta yi wata biyar bayan nan. Tana nan aka haifi Hamza, ita ta fara karɓarsa daga hannun ungozoma, ta shafa fuskarsa da yatsu ta ce hancin babansa ne. A Lahadinta ta ƙarshe ba ta iya tafiya, 'yan uwanta biyu suka ɗauko ta a kan kujera suka ajiye ta kusa da ni. Ba ta da numfashin waƙa, sai ta riƙa motsa leɓe, matan ƙauyensu suna yi a madadinta. Da aka gama ta jawo kunnena ta ce in yi mata ta mahaifiyata, wadda nake cewa ina nan zuwa in an yi hutu. Na yi. Ta ce, "Ka je ka gan shi, kada ka yi ta waƙa kawai." Ranar Alhamis ta rasu. A wurin binne ta ni da Malam Adamu da sauran Musulmin gidan muka tsaya daga gefe har Fasto ya gama addu'arsa, sannan muka karɓi shebur muka taya rufewa. A makon da ya biyo na nemi izini a ofis na tafi gida na ga mahaifiyata, kuma ganin ƙarshe ke nan da na yi mata.

Na ci gaba da kiɗan Lahadi kusan shekara uku. Ba wanda ya hana ni, abin ne ya ƙare da kansa. Jikwoyi ta cika da baƙi, aka rushe ɗakin ƙasa aka gina babba da bulo, aka sayo lasifika da ganguna, aka ƙara sujadar yamma. Tsofaffin da suka san waƙoƙin suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma muka zauna a gidan Baba Shekwolo shekara tara kafin na iya tayar da ɗaki biyun da kuka sani. A shekarun nan duka mahaifiyarku ce ke ɗebo ruwa, daga baya ke Safiya kika karɓe ta, kina zuwa makaranta da wuya a sanƙare. Abokan aikina da suka samu kwatas, da gwamnati ta zo sayar da gidajen su aka sayar wa, 'ya'yansu suna da gado a cikin gari. Ku ba ku da shi, kuma dalilin ke nan. Ban taɓa sujada ga wanin Allah ba, ban taɓa rasa magariba ba ko sau ɗaya a ɗakin nan. Amma ba zan ce muku abin da na zaɓa bai taɓa ku ba. Ya taɓa ku, ba a kuma tambaye ku ba. Ku yafe mini wannan.

Da na kawo nan a rubutu, na karanta wa mahaifiyarku, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Na ce mata yaya ta ji.

Ta ce, "Ka mai da ni waliyyiya."

Na ce, "Ai abin da kika yi na rubuta."

Ta ce, "Ka rubuta abin da ka gani. Ranar da sunaye suka fito, da ka tafi masallaci, na je bayan rumbu na yi kuka har na yi amai. Wata guda ina jin haushinka, in na zuba maka tuwo sai in ƙi sa maka man shanu. Ba ka ma lura ba."

Na ce wallahi ban lura ba.

Ta ce, "To rubuta. Kada yaran nan su zaci abin da sauƙi yake."

Na ce, "In aka mayar da ke ranar, za ki sake ɗauko gurmin?"

Ta tsince wani ɗan dutse daga cikin shinkafar ta jefar.

Ta ce, "Zan ɗauko. Amma wannan karon kai za ka riƙa zuwa rafi."